Salwar da Ta Dace da Kiwon Gida a Sakkwato, da Wadda Ya Kamata a Bar wa Mai Ita

Duk wanda yake da ɗan fili a bayan ɗaki, ko da taku goma ne tsakanin katanga da madafi, akwai ranar da zai yi sha'awar shuka ganyen miya ko ajiye abin da zai riƙa ba shi ƙwai. Ni biyun na haɗa, lambu da kiwon salwa, domin kashin tsuntsun yana zama takin fangali, ragowar ganyen fangalin kuma yana komawa keji. Masu tambayata abin da za su saya sun yi yawa, kuma galibinsu sai sun riga sun biya kuɗi suke zuwa neman shawara.

Kazar gida ba ta zama wuri ɗaya da lambu, domin kafin azahar ta tone abin da aka dasa da safe. Zabi za su haɗa ka faɗa da maƙwabta. Tattabaru kiwon sha'awa ne, ba na ƙwai ba. Kajin turawa kuwa sai sun ci abinci kusan wata biyar kafin su saka maka da ƙwan farko, sannan bazarar garin nan takan zubar da su. Salwar da ake kiwo a keji, wadda asalinta daga Japan ne kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ta shigo da ita Najeriya a 1992, takan fara ƙwai tana da mako 6 zuwa 7, kuma idan ta samu kulawa tana iya yin ƙwai 250 ko fiye a shekararta ta farko. Abincinta bai wuce giram 25 a rana ba, wato buhu mai kilo 25 zai kai salwa 20 kwana 50. Ƙwanta ƙarami ne, sai an fasa kamar biyar a samu kimanin na kaza ɗaya, amma kullum ana tsintarsa, kuma yara ba sa gajiya da shi.

Hanyar farawa ita ce inda ake rabuwa. Akwai masu sayen ƙwai su ƙyanƙyashe da kansu, kuma ya kamata su sani salwar keji ba ta kwanci, sai an sa ƙwan a inji kwana 17 zuwa 18 da zafin da ba ya yankewa, abin da wanda ba shi da sola ba zai iya lamunta ba. 'Yan tsaki na kwana ɗaya sun fi araha, sai dai girmansu bai wuce babban yatsa ba, suna bukatar ɗumi na kusan digiri 35 a makon farko, kuma sukan nutse a mazubin ruwan da bai kai zurfin murfin kwalba biyu ba idan ba a zuba tsakuwa a ciki ba. Wannan aikin masu sana'ar ne, ba na ma'aikacin da zai fita da safe ya dawo bayan la'asar ba.

Zaɓina shi ne 'yan mako 3 zuwa 4, kuma ban ga abin da ya kama ƙafarsu ba. A wannan lokacin gashinsu ya rufe jiki, sun wuce kwanakin da aka fi yin asara, ba sa bukatar garwashi ko fitilar ɗumi sai in hunturu ya yi tsanani da dare. Ƙaramin jikinsu da guntun gashin ƙuruciya da ya rage a kai su ne shaidar shekarunsu, kuma wannan shaida ce da mai sayarwa ba zai iya ƙirƙira ba. A daidai wannan makon ne kuma ake fara bambance mace da namiji da ido: ƙirjin namiji ja-ja ne kamar jan ƙasa, babu ɗigo, na mace kuwa fari-fari ne da ɗigo-ɗigon baƙi. Mako biyu zuwa huɗu kacal za ka ciyar da su kafin ƙwai, kuma a cikin waɗannan makonni sun saba da kejinka da ruwan gidanka da hayaniyar yaranka, don haka idan sun fara ba sa tsayawa. Shekarar da ta fi albarka a rayuwar tsuntsun gaba ɗayanta a hannunka za ta ƙare, ba a hannun wani ba.

Lokacin saye ma yana cikin cinikin. Na fi son farkon Oktoba, ruwa ya ɗauke, domin su fara ƙwai a Nuwamba, daidai lokacin da ake dasa latas da kabeji da tumatir da albasa, ana shuka karas. Daga nan har ƙarshen Fabrairu keji da fangali suna tafiya tare cikin sanyi. Wanda ya sayi ƙanana a Maris ya jefa su cikin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, tsuntsu ya buɗe baki yana haki, ci ya ragu, ɓawon ƙwai ya yi laushi. A watannin nan latas kan miƙe ya yi ɗaci, tumatir ya zubar da fure, abin da yake tsayawa sai zogale da ɗan alayyafo a inuwa, har damina ta sauka a koma ga kuɓewa da yakuwa da rama.

Saura manya waɗanda aka ce suna cikin ƙwai, kuma a nan ne wuta ta ƙone ni. Shekarar da na fara, gaggawa ta sa na sayi 30 daga wani mutum da ya zo da su cikin kwando a bayan babur. Ya ɗaga murfi ya nuna mini ƙwai shida a ƙasan kwandon, ya ce, "Malam, duba da idonka, a hanya suka yi su. Duk mata na, kuma ɗiyan bana na." Na biya ban ko taya sosai ba. Da asuba gidan ya cika da wani kuka mai kaifi daga kowane lungu na kejin, uwargida ta leƙo ta ce ita dai ba ta taɓa jin mace tana cara ba. Da na kama su ɗaya bayan ɗaya, 13 maza ne. Kafin mako ya zagayo sun tsige wa juna kai har jini, matan kuma, waɗanda daga baya na gane sun tsufa, ba su taɓa ba ni ƙwai fiye da biyar a rana ba. Ƙwai shidan nan kuwa a aljihu ya zo da su. Lambar wayarsa ba ta sake shiga ba.

Tun daga ranar nake bin kowane tsuntsu da hannu. Babban namiji, idan aka juya shi aka ɗan matsa kumburin da ke saman duburarsa, wani farin kumfa kamar na sabulu yake fitowa, mace ba ta da shi. Wannan gwajin ya zama dole ga farare, domin su ƙirjinsu ba ya nuna komai, kuma ba banza ba wasu dillalai suke yabon farar salwa suna cewa ta fi daraja. Tsohuwa kuma ƙafarta ke tona ta: kaushi, dogayen farata masu lanƙwasa, baki ya zarce, baya ya sanƙe. Mai kiwon da ya san aikinsa yakan fitar da garkensa bayan shekara guda idan ƙwai ya ja baya, kuma babu laifi a sayar da su don yanka. Laifin yana wurin wanda ya saye su a farashin nama ya sayar maka a farashin masu ƙwai. Haka nan ƙwan ƙyanƙyasa, akwai masu kwaso na ci daga kejin da babu namiji ko ɗaya su ce na iri ne, ba za ka gane ba sai ka haska shi da tocila bayan mako guda a inji ka ga babu jijiya ko ɗaya. Ba a cinikin biri a sama, saboda haka wanda ya ƙi kai ka gidansa ka ga iyayen tsuntsayen da ranar da aka ƙyanƙyashe su, bar masa kayansa. In kuma ya fara lissafa maka cewa ƙwan yana warkar da ciwon suga da hawan jini da asma, to kasuwa yake nema. Abinci ne mai gina jiki, kuma kada wani ya ajiye maganin asibiti saboda shi. In don ci kake kiwo ba ka bukatar namiji sam, in don iri ne namiji ɗaya ya ishi mata uku zuwa huɗu.

Wajen keji na fi son na waya mai ƙafa, da faranti a ƙasa wanda ake zuba wa ɓuntun shinkafa, domin kwashe kashi ya zo da sauƙi. Ajiye su a ƙasa gayyatar ɓera da jaba da cinnaka ne. Tsayin cikinsa kada ya wuce santimita 25, saboda salwa idan ta firgita sama take zabura, in ta samu tazara sai ta fasa kai da rufi. A kafa shi ƙarƙashin dogonyaro ko rumfar zana, ba kwano ba, da bazara a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara ta gefen iska, a riƙa ba su ruwan randa. Hasken rana a nan ba ya wuce awa 13, su kuwa suna son 14 zuwa 16, don haka fitila mai caji bayan magariba tana ƙara ƙwai.

Abincin awo da ake sayarwa a buɗaɗɗen buhu shi ma sai an yi hattara, domin ana cika shi da dusa, wani har da yashi. Zuba hannu ɗaya a kofin ruwa ka motsa, abin da ya kwanta a ƙasa zai ba ka labari. Gero da dawa zalla ba sa riƙe ƙwai, tsuntsun yana bukatar furotin kusan kashi 20 cikin 100 da garin ƙashi ko ɓawon kawa. Irin shuka ma a gwada shi: ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen ƙyalle, in bayan mako guda waɗanda suka tsiro ba su kai 7 ba, ya kwana biyu a shago. Dashen albasa da tumatir kuwa gara a nema wurin masu fadama, irin na Kwalkwalawa da ke kusa da Sakkwato, waɗanda dashensu ya saba da ƙasar nan. Kashin salwa ɗanye yana ƙone saiwa, sai a tara shi da ɓuntun a rami, ana yayyafa ruwa ana juyawa kamar wata biyu zuwa uku, wanda aka tara da damina shi ake zuba wa fangalin Nuwamba.