Ƙwayar tsinka jini bayan aikin kwatangwalo: ta yi aikinta, amma na sha wuya

Wata uku ke nan da aka canza min gaɓar kwatangwalo ta dama. Kafin aikin, allurar ciki ce ta fi tsaya min a rai, don na ga yadda yayata ta sha fama lokacin da aka yi mata aikin gwiwa. Enoxaparin aka ba ta, wato maganin tsinka jini na allura, kullum sai an tsira mata allura a gefen cibiya, har fatar wurin ta yi baƙi da kwantaccen jini. Da likita ya ce ni ƙwaya zan sha, rivaroxaban mai miligiram 10, sau ɗaya a rana har kwana 35, sai na ji kamar an sauke min kaya daga ka.

Ya yi min bayani, na kuwa gamsu. Bayan irin wannan aiki mutum ba ya motsi sosai, jini sai ya riƙa tafiya a hankali a jijiyoyin ƙafa, har ya dunƙule a sha-raɓa ko cinya. Idan gudan ya ɓalle ya bi jini zuwa huhu, rai ma yana iya tafiya. Masu gwiwa kamar mako biyu ake ba su, mu masu kwatangwalo mako biyar.

Kwanakin farko ba ni da abin cewa sai yabo. Ƙwayar 'yar mitsitsiya ce, ba ta tayar min da zuciya, ba a kuma buƙatar yawan zuwa gwajin jini kamar masu shan warfarin, wani maganin tsinka jinin. Har na fara gaya wa masu zuwa dubiya cewa wanda duk za a yi wa aiki ya roƙi wannan.

Sai daren kwana na 12. Wajen ƙarfe biyu na farka na ji matashin kaina a jiƙe. Haɓo ne. Na tashi zaune, na sunkuyar da kai gaba, na matse hanci minti goma sha biyar kamar yadda aka saba. Ina saki, jini ya dawo kamar an buɗe famfo. Na sake matsewa, ya ƙi tsayawa. Ga ni ba na iya miƙewa sai da sandar dogarawa, ga tawul ya rine, ga 'yata tana kuka tana neman mukullin mota. Kusan awa ɗaya muka yi a haka kafin mu isa asibiti, inda aka cusa min auduga mai magani a hanci, aka ɗebi jini.

Tambayar farko da likitar dare ta yi min ita ce: "Baba, me kake sha bayan wannan?" Na ce diclofenac, kwana uku ke nan, saboda bayana ya matsa min da ciwo. Ta riƙe baki. Ashe diclofenac da ibuprofen da ire-irensu suna ƙara haɗarin zubar jini idan suka haɗu da maganin tsinka jini, har a cikin ciki inda ido ba ya gani.

Wannan shi ne abin da har yau yake ci min rai. Ranar sallama an koya min hawa matakala, an nuna min yadda zan zauna kada gaɓar ta goce, an ba ni safa mai matse ƙafa. Amma babu wanda ya buɗe baki ya ce kada in taɓa waɗannan magungunan ciwo. An miƙo min kwali an ce ɗaya kullum, shi ke nan. Takardar da ke ciki kuwa rubutunta kamar ƙwayar ƙasa, ta yaya mai shekara 67 da ya fito daga tiyata zai karanta? Jumla ɗaya da ta raba ni da wannan daren.

Na so in watsar da maganin gaba ɗaya. Likitar ta ce a'a, haɗarin gudan jini bai wuce ba tukuna. Ta mayar da ni kan farasitamol, na ci gaba da ƙwayar, kodayake duk goge baki sai na duba ko dasashi ya yi jini. Na cika kwana 35 ƙafata ba ta kumbura ba, numfashi lafiya lau, haɓon bai sake dawowa ba.

Za a yi min ɓangaren hagu baɗi, kuma wannan ƙwayar zan sake nema. Sai dai wannan karon ba zan bar gadon asibiti ba sai an rubuta min, da manyan baƙaƙe, duk abin da ba ya haɗuwa da ita.