Biro da littafin aljihu irin na sojoji: wanne ke jure zafin Kebbi?

Soja ko ɗan sandan da ke bakin aiki ba ya rasa biro da ɗan littafi a aljihun kakinsa. A ciki yake rubuta umarnin da aka ba shi, lokacin da ya karɓi gadi, lambar motar da ta wuce shinge, da lissafin kayan da aka damƙa masa. Waya cajinta na ƙarewa, sabis na ɗaukewa da an nausa daji, amma takarda tana nan. Ba mazauna barikin Dukku ko na Zuru kaɗai ke da wannan buƙata ba. Malamin gona a fadamar Argungu, ma'aikaciyar rigakafi da ke bin ƙauyukan bakin kogi a Yawuri, safiyo mai awon fili, duk rubutunsu a tsaye suke yin sa, cikin rana, da hannu mai gumi.

Kayan rubutun da sojojin Amurka suka shahara da su yanzu ana samun su ta hanyar oda a intanet, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Yawancin tallarsu a kan ruwan sama ake yin ta. A nan Kebbi kuwa damina wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekarar zafi ne da gumi da ƙurar hunturu. A Afrilu ma'aunin zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Da wannan ma'auni ya kamata a auna kowane biro.

Wanda ya fi suna shi ne Skilcraft, ɗan siririn baƙin biro mai maɓallin dannawa, da tambarin gwamnatin Amurka a jikinsa. Tun 1968 makafi ke haɗa shi a masana'antun da ke ƙarƙashin ƙungiyar National Industries for the Blind. Ƙa'idar da gwamnati ta gindaya masa ita ce ya ja layi na tsawon mil ɗaya, wato kilomita 1.6, ba tare da tawada ta yanke ba, kuma ya yi aiki daga sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri har zuwa zafin digiri 71. Wannan adadi na ƙarshe shi ya shafe mu. Bututun tawadarsa na tagulla ne, ba na roba ba, saboda haka zafi ba ya lanƙwasa shi. Ba shi da marfin da zai faɗi a yashi. Da hannu ɗaya ake danna shi, wanda babban abu ne ga wanda ɗaya hannun ke riƙe da tocila ko rediyon oba-oba. Maƙalinsa na ƙarfe ne, yana kama bakin aljihu sosai.

Yana da nasa aibin. Siriri ne, mai babban hannu zai gaji idan rahoto ya yi tsawo. Tawadarsa ba ta yi baƙi wuluk ba, kuma in ya kwana biyu a ajiye sai an ɗan goga shi a gefen takarda kafin ya kama. A tsakiya ake kwance shi, kuma masu matse shi da ƙarfi kan tsaga robar a wajen mahaɗar. In ɗan sifirin da ke ciki ya yi tsalle ya ɓace lokacin canza bututu, biron ya tashi aiki. Babbar matsalar ita ce ba za ka shiga babbar kasuwar Birnin Kebbi ka tarar da bututunsa a kanti ba. Wanda zai saya ya sayi kwalin dozin gaba ɗaya, domin kuɗin kawo guda ɗaya ya fi kuɗin biron.

Gaskiyar magana, Bic Cristal na asali, wanda ɗan makaranta ke riƙewa, yana yin mafi yawan abin da Skilcraft ke yi. Tun 1950 ake ƙera shi, ƙwallon bakinsa na wani ƙarfe ne mai tsananin tauri, faɗinsa milimita 1, kuma kamfanin ya ce yana rubutun kusan kilomita 2. Jikinsa garau yake, kana ganin tawadar da ta rage kafin ka fita sintiri. Ɗan ramin da ke gefensa ba lalacewa ba ce, shi ke daidaita iskar ciki da ta waje, don haka kada a liƙe shi da salatif. Inda yake gazawa shi ne marfi, wanda kan ɓace, da kuma robarsa mai fashewa in an zauna a kai. Na jabu ma sun yi yawa. Alamar na jabu ita ce yana tara ɗigon tawada a baki duk bayan layi biyu ko uku, ya shafe takarda.

Ya kamata a san dalilin da biro ke amai a aljihu, domin ba kullum laifin kamfani ba ne. Tawadar biro mai kauri ce, da mai ake haɗa ta. Zafi na tsinka ta. In biron na tsaye bakinsa a sama, ko an yi rubutu da shi a jikin bango bakin na kallon sama, tawada kan ja baya daga ƙwallon, iska ta shiga ta baki. Da iska ta shiga, babu abin da ke riƙe tawadar, sai ta kwarara ta baya ta ɓata riga. Maganin abu ne mai sauƙi: a ajiye biro bakinsa ƙasa ko a kwance, a daina barin sa a gaban gilashin mota, kuma in za a rubuta a tsaye a karkata littafin yadda bakin biron zai riƙa kallon ƙasa. Lokacin hunturu kuwa ƙura ce ke haɗuwa da maiƙon hannu a kan takarda, ƙwallon ya riƙa zamewa bai juya ba, rubutu ya yi ta yankewa. A share shafin da gefen riga, a goge bakin biron, sai ya dawo.

Akwai biron da bai kamata ya kusanci aikin fili a wannan yanki ba ko kaɗan, wato mai gogewa irin Pilot FriXion. Tawadarsa zafi ke ɓatar da ita: da ta kai wajen digiri 60 sai ta koma fara. Littafin da aka manta a gaban mota da azahar a watan Afrilu zai iya kai wa haka, a buɗe a tarar da shafuka wayam. Rubutun kan ɗan dawo in an sa littafin a firiza, amma ba abin da za a dogara da shi ba ne a kan lissafin kaya ko bayanin wanda aka kama.

Fisher Space Pen shi ne mai tsada a cikinsu, kuma shi ne ya magance matsalar iska daga tushe. Bututunsa a rufe yake ruf, da iskar naitirojin a matse a bayan tawadar tana tura ta gaba. Saboda haka yana rubutu bakinsa a sama, yana rubutu a kan takarda mai danshi ko maiƙo, kuma yana jure zafin da ya kai digiri 120. Hukumar NASA, mai binciken sararin samaniya ta Amurka, ta fara amfani da shi a 1968. Matsin nan kan sa ɗan ɗigo ya taru a bakinsa in ya daɗe a ajiye, sai a goge kafin a fara. Ƙaramin samfurinsa mai suna Bullet santsi gare shi, yana sulluɓewa daga aljihu, kuma ɓatansa na da ciwo. Dabarar da ta fi ita ce a sayi bututun kaɗai. Yana zuwa da ɗan abin roba da ake sa masa a baya, ya shiga jikin biro irin Parker Jotter daidai.

A ɓangaren littafi, koren littafin sojojin Amurka mai bangon kwali da aka lulluɓe da yadi ya cancanci sunan da ya yi. Ƙaraminsa inci 5 da rabi ne a faɗi, 8 a tsawo, shafukansa kusan 200, yana shiga aljihun cinya na wandon kaki. Ƙarfinsa a ɗinkin yake. Da zare aka ɗinke fallayen, don haka ba sa zubewa, kuma in an yage ɗaya sai an gane. Bangon mai tauri ya zama teburinka in kana tsaye. Sai dai takardarsa takarda ce kawai. Ruwa na jiƙa ta, gumin cinya na ratsa bangon ya sa shi kumbura. Duk wanda ya sami littafi mai bangon kwali a kantin kayan makaranta, ya buɗe tsakiyarsa ya ga zare, to ya sami kusan abu ɗaya da kuɗi kaɗan. Wanda aka haɗa da gam zafi na busar da gam ɗin, fallaye su fara fita ɗaya bayan ɗaya. Littafin makaranta mai falle 60 ko 80 da aka ɗame da ƙarfe biyu a tsakiya kuwa, gumi na sa ƙarfen tsatsa, tsatsar ta ci takarda, fallen tsakiya ya fara ficewa. Araha ba ta ado.

Rite in the Rain shi ne na ruwa. Wani mai suna Jerry Darling ya fara shi a 1916 a garin Tacoma na Amurka, domin masu saran katako da ke aiki cikin ruwan sama. Takarda ce ta gaske da aka shafa wa wani sinadari, ruwa ya taru a kanta ɗigo-ɗigo ya gangare. Na aljihun ƙirji inci 3 ne da 5, falle 50, wayar da ta haɗa shi a sama take, bangonsa roba mai lanƙwasuwa da rula a jiki. Akwai mai koriyar takarda da mai ruwan ƙasa, waɗanda ba sa ƙyalli da dare in an haska tocila kamar yadda farar takarda ke yi. Ga mai shiga kwalekwale a Yawuri ko mai bin gonakin shinkafa a watan Agusta, babu na biyunsa. Gumi ma ba ya cin sa, kuma wannan shi ne amfaninsa na sauran watannin shekara.

A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Sinadarin da ke korar ruwa yana korar duk tawadar da aka haɗa da ruwa. Biro mai tawadar jel, alƙalamin tawada, makar da ake haskaka layi da ita, duk taruwa suke yi a saman takardar, yatsa ya taɓa su shafe. Mutum ya sayi littafi mai tsada, ya ɗora masa biron jel, ya ce jabu aka sayar masa. Biro irin Bic ko Skilcraft yana kamawa in shafin a bushe yake. In shafin a jiƙe yake, fensir ne ko Fisher. Wayar saman kuma tana lanƙwashewa in an sa littafin a aljihun baya an zauna a kai, daga nan fallaye su daina juyawa. Falle 50 ba ya daɗewa ga mai rubutu da yawa, don haka a bar shi ga abin da ake rubutawa a fili, a kwashe zuwa babban littafi in an koma.

Akwai masu kama da shi da ake yi da garin dutse haɗe da roba. Su ma ruwa ba ya jiƙa su, amma sun fi nauyi, takardar na miƙewa in an ja, kuma zafin mota na sa ta lauje. Kafin a biya, a ɗiga ruwa a shafin ƙarshe, a bari minti ɗaya, a share, sannan a rubuta da fensir a wurin.

Fensir ya fi ƙarfin rainin da ake yi masa. Ruwa ba ya narkar da rubutunsa, zafi ba ya sa shi amai, ba ya bushewa, kuma reza ta isa a fiƙe shi. Fensir mai alamar HB ya fi dacewa, domin 2B ya fi baƙi amma yana shafewa in fallaye na gugar juna a aljihu. A raba shi biyu, a fiƙe kowane gutsure, ɗaya a cikin wayar littafi, ɗaya a aljihu. Iyakarsa ɗaya ce, mai muhimmanci kuwa: ana goge shi. Rajistar gadi, littafin shige da fice, takardar karɓar kaya, duk abin da za a iya nema a gaban kotu ko kwamitin bincike, da biro baƙi ko shuɗi ake rubuta shi. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a sa hannu a gefe. Jan biro kuma a bar shi a ofis, domin a ƙarƙashin jar fitilar da ake amfani da ita da dare jan rubutu ɓacewa yake yi.

Sabon littafi yana buƙatar shiri na minti goma. A sa wa shafuka lamba daga farko har ƙarshe tun kafin a fara. A bar falle biyu na farko don jerin abin da ke ciki. Kowace rana ta fara da kwanan wata, kowane bayani da lokacinsa a tsarin awa 24, wato 0630 ko 2145, don kada safe da dare su rikice. A cikin bango a rubuta suna da lambar waya kawai. Sunayen masu kawo bayanan sirri, kalmar wucewa ta dare, da wuraren da jami'ai suke, ba a barin su a littafin da zai iya faɗuwa a hanyar daji, domin ran wani na iya tafiya a kan shafi ɗaya.

Littafin da ba na ruwa ba a sa shi a leda mai zif, a ɗaure da roba, a fitar da shi da dare ya sha iska, saboda gumin da ya shiga leda ba ya fita da kansa kuma yana kawo fumfuna. In ya riga ya jiƙe, kada a buɗe fallayen da ƙarfi, kada kuma a shanya shi a rana tsaka, takardar za ta kakkafe ta murɗe. A tsayar da shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, a sa farar takarda busasshiya tsakanin kowane falle goma, a riƙa canza ta in ta sha ruwa. Idan ya kusa bushewa sai a rufe shi a ɗora masa abu mai nauyi ya kwana.