Lambar H ko jar lamba 07: wacce ta dace da tsohuwar motarka a Jamus?

A Jamus, da zarar mota ta cika shekara 30 da yin rajistar farko, mai ita yana da zaɓi: ya bar ta da lambarta ta yau da kullum, ya nemi lambar H ta motocin tarihi, ya karɓi jar lamba mai farawa da 07, ko ya yi mata lambar da ke aiki na wasu watanni kawai a shekara. 'Yan'uwanmu da ke zaune a Hamburg, Berlin da sauran garuruwa sun fi karkata ga tsofaffin Mercedes, wato W123, 190, da W124 da muke kira V-boot a gida. Ga mai mota ɗaya wanda yake son ya hau abarsa duk lokacin da ya ga dama, lambar H ta fi sauran nesa ba kusa ba.

An fara bayar da ita a 1997. Lamba ce irin ta kowa, sai dai harafin H da ake ƙarawa a ƙarshe. Babban amfaninta haraji: Yuro 191.73 a shekara, komai girman injin. Sai ka kwatanta da abin da tsohuwar mota marar tukunyar tace hayaƙi take biya da lambar yau da kullum. Ana lissafi ne a kan kowane cc 100 na injin, ta fetur Yuro 25.36, ta dizal Yuro 37.58. Ke nan Mercedes 230E mai cc 2299 za ta biya 583.28, ita kuwa 200D ta biya 751.60 duk shekara. Tun a shekarar farko ka mai da kuɗin da ka kashe wajen neman H har da riba.

Ba haraji kaɗai ba ne. Manyan birane da dama suna da yankin da mota ba ta shiga sai da koren sitika a gilashi, tsohuwar dizal kuwa ba za ta same shi ba. Mai H tana shiga ba tare da sitika ba. Doka ba ta ƙayyade maka kilomita ba, ba ta hana ka zuwa aiki ko kasuwa da ita ba, kuma tun da cikakkiyar rajista ce, kana iya tsallakawa Faransa ko Holan hankalinka kwance. Binciken lafiyar mota yana nan yadda yake, duk bayan shekara 2.

Samun ta ne ke da ɗan aiki. Shekara 30 ɗin ana ƙirga su ne daga ranar da aka fara yi wa motar rajista, ba daga shekarar da aka ƙera ta ba. Ranar tana rubuce a gurbin B na takardar mota, kuma ko kwana ɗaya ya rage ba za a ba ka ba. Daga nan sai ka kai ta ɗaya daga cikin cibiyoyin binciken mota, TÜV, DEKRA, GTÜ ko KÜS, a yi mata binciken da sashe na 23 na dokar StVZO, wato dokar ƙa'idojin motocin da ke hawa titi, ya tanada. Injiniyan abu biyu yake nema: motar tana nan yadda ta fito daga kamfani, kuma an kula da ita. Ba sai tana ƙyalli kamar sabuwa ba. Fentin da ya ɗan dusashe ko kujerar da ta ɗan goge ba sa kayar da mota. Abin da ke kayar da ita shi ne tsatsar da ta huda ƙarfe, haɗarin da ba a gyara da kyau ba, da canje-canjen zamani.

A nan mutanenmu suka fi tuntuɓe, domin muna son ƙawata mota. Rim na zamani, fitilun LED, baƙar leda a gilashin gaba, rediyo mai allo, ƙatuwar lasifika da aka huda allon baya saboda ita, duk suna iya hana ka H. Ƙa'idar ita ce canjin ya zama irin wanda ake yi cikin shekara 10 na farkon rayuwar motar, ko kuma shi kansa canjin ya kai shekara 30. Injin ma haka: in an sauya, ya zama na dangin wannan samfurin ko na zamaninsa. Tukunyar tace hayaƙi da aka ƙara daga baya ba ta da matsala. Shawarata, kafin ka biya kuɗin bincike, ka je ka sami injiniyan da hotunan motar ka tambaye shi abin da zai ƙi. Da yawansu za su faɗa maka gaskiya, ka je ka cire abin cirewa ka dawo.

Inshora ma tana sauƙi, amma da sharaɗi. Kamfanonin da ke da tsarin tsofaffin motoci yawanci suna so ka nuna kana da wata motar ta zirga-zirgar yau da kullum, su ƙayyade kilomitan shekara, wasu su ce sai tana kwana a gareji. Wanda ba shi da mota ta biyu sai ya ɗauki inshorar kowa da kowa, H ɗinsa tana nan daram. Kada ka rubuta musu abin da ba haka ba don neman rahusa. Ranar da aka yi haɗari suka gano ita ce motar zuwa aikinka, rigimar da za ta biyo baya ta fi kuɗin da ka rage.

Akwai inda lambar yau da kullum ta fi araha, kuma bai kamata a ɓoye ba. Motocin fetur na tsakiyar shekarun 1990 da ke matakin hayaƙi na Euro 2 suna biyan Yuro 7.36 ne a kan cc 100. Mai cc 2000 ke nan 147.20, ƙasa da kuɗin H, kuma tana da koren sitikarta. Sai injin ya haura cc 2600 kafin H ta fara yi maka riba. Mai irin wannan mota ya ɗauki biro ya yi lissafi tukuna.

Jar lamba 07 kuwa ta masu tara motoci ce. Lamba ɗaya kake ɗaura wa motoci da yawa bi da bi, harajin dai 191.73 ne, amma ba ka fita sai zuwa taron tsofaffin motoci, gwaji, ko wurin bakanike, kuma kowace fita sai ka rubuta ta a littafi. Ba ka kai yara makaranta da ita, wasu ƙasashen ma ba sa karɓar ta. Mai mota ɗaya ba shi da abin yi da ita. Lambar da ake raba wa motoci biyu, wadda aka ɓullo da ita a 2012, ba ta rage ko sisi a haraji, a bar maganarta. Wadda ta cancanci dubawa ita ce lambar watanni, domin tun Oktoban 2017 ana iya haɗa ta da H. In ka zaɓi Afrilu zuwa Oktoba, harajin ya sauko wajen Yuro 112, motar kuma ta tsira daga gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi, wanda shi ne ke cinye ƙarƙashinta. Sai dai a sauran watannin ba ta da izinin ko tsayawa a bakin titi, dole ka sami gareji ko filin wani.

Yanzu ga inda kuɗi ke salwanta, wato wajen sayen motar. A tallan intanet za ka ga an rubuta "H-fähig", wai za ta iya samun H. Wannan ra'ayin mai sayarwa ne kawai, babu hukumar da ta tabbatar. In har ya tabbata, me ya hana shi kai ta binciken da kansa ya ƙara kuɗin a farashi? Ita ma wadda ta riga ta sami H kada ta ruɗe ka. Wasu suna karɓar lambar, daga baya su sauya injin ko su bar tsatsa ta ci, kuma a binciken shekara biyu na gaba injiniya yana da ikon cewa ba ta cancanta ba. Kai da ka saya kai za ka kwana a ciki. Ka nemi ainihin takardar binciken sashe na 23 ka ga ranarta. Akwai wata takarda daban ta ƙiyasin darajar mota, mai maki daga 1 zuwa 5, wadda 'yan inshora ke nema. Wasu dillalai ita suke miƙo maka su ce ga shaida, alhali ofishin rajista ba ya ba da H da ita.

Ka duba lambar shasi a wuri uku: wadda aka buga a jikin ƙarfe, ta ƙaramin farantin da aka liƙa, da ta gurbin E a takarda. In ka ga alamar walda ko sabon fenti a kewayen wadda aka buga, ko lambobin ba su jeru daidai ba, ka kama gabanka, kada ka tsaya jin bayani. A Mercedes lambar da kanta tana tona asiri, domin lambobi shidan da ke bin haruffan WDB na farkonta su ne samfurin: 123120 ita ce 200D, 123223 ita ce 230E, 201034 kuma 190E 2.3-16. Wannan ta ƙarshe tana da tsada, shi ya sa ake ɗaukar 190 ta talaka a liƙa mata robobin gefe da tambari a sayar da sunanta. Katin bayanan kamfani, wanda sau da yawa yake cikin littafin sabis, yana ɗauke da lambar injin da ta fenti. Ka gwada su da abin da ke gabanka.

Sai tsatsa. Kada ka sayi tsohuwar mota ba ka ga cikinta a kan abin ɗaga mota ba. A W123 da W124 ka fara da ramuka huɗun da ake zura jak, sai ƙarƙashin batir, bakin tayoyin baya, da ramukan gefen but inda ruwa ke kwanciya. Ɗaga kafet ɗin ƙafar direba ka taɓa da hannu, in da danshi to ruwa na shiga ta wani wuri. Baƙin kwalta sabo fil a ƙarƙashin mota mai shekara 35 abin tsoro ne, domin da shi ake rufe rami. Danna wurin da bakin sukudireba, lafiyayyen ƙarfe ba ya lotsawa. Ka tafi da ƙaramin maganaɗisu naɗe a ƙyalle, inda ya ƙi kamawa a ƙofa ko gefen taya, fila ce aka cika. Mitar kilomita kuwa kada ka dogara da ita, mayar da irin ta da baya ba wuya. Tsofaffin takardun binciken shekara biyu-biyu sun fi ta gaskiya, tun da ana rubuta kilomita a kowacce.

Wanda niyyarsa ya loda motar a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas, kada ya ɓata kuɗinsa a kan H, ba ta da wani aiki a can. Lambar fitarwa mai jan gefe yake buƙata, kuma ya tuna kwastan ɗin Najeriya sun ƙayyade shekarun motar da ake shigowa da ita, mai shekara 30 ta wuce iyakar.

In motar ta ci binciken, sai ka nemi rana a ofishin rajista na garinku. Ka tafi da takardun mota kashi na 1 da na 2, takardar sashe na 23, shaidar binciken lafiyar mota da ba ta ƙare ba, lambar eVB (shaidar cewa motar tana da inshora) daga kamfanin inshora, fasfo da takardar shaidar adireshi, izinin cire haraji daga asusun banki, da tsofaffin farantan lamba in tana da su. Sababbin farantai ana buga su a shagunan da ke kusa da ofishin.

Kafin duk wannan, ka kare kanka a takardar ciniki. Mai sayarwa na kashin kansa yana da damar rubuta cewa ba ya ɗaukar alhakin lahani, dillali kuwa doka ba ta ba shi wannan damar a kan mai saye don amfanin kansa ba. Shi ya sa wasu dillalan, da sun ga baƙo ɗan Afirka, sai su rubuta cewa an sayar ne don fitarwa waje ko ga ɗan kasuwa, ko su ce motar ta wani ce suke sayar masa. Kada ka sa hannu a kan wannan. Ka sa a rubuta lambar shasi, ranar rajistar farko, lambar injin, da sharaɗin cewa in motar ta faɗi binciken sashe na 23 ciniki ya warware a mayar maka da kuɗinka. Mafi kyau ma ku tafi wurin binciken tare, ka biya kuɗinsa daga aljihunka, sannan ka biya kuɗin mota bayan takarda ta fito.