Sharhi kan yawon wuni ɗaya a Kutna Hora

Ranar Asabar ɗin da na samu sarari a Firag, babban birnin ƙasar Cek, na biya wani kamfanin yawon buɗe ido kuɗin tafiya Kutna Hora, wani ƙaramin gari mai mutum kusan dubu 20 da ke gabas da Firag, nisan kimanin kilomita 70. A takardar tallarsu hoton ƙoƙon kan mutum ne ya cika shafi, kuma da shi suka fara.

Cocin ƙasusuwa na Sedlec, wata unguwa a gefen garin, ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, cikin maƙabarta. Ƙasusuwan mutum tsakanin dubu 40 zuwa dubu 70 ke ciki, yawancinsu waɗanda annoba da yaƙe-yaƙen Hussawa (mabiyan wani malamin Kirista mai suna Jan Hus) suka kashe a ƙarni na 14 da na 15. A 1870 wani masassaƙi mai suna František Rint ya jera su ya yi ado da su: fitilar rufi, tulin ƙoƙunan kai, har da tambarin gidan sarautar Schwarzenberg. Gaskiya raina bai so wurin ba. Mu da muka taso ana gaggauta suturta mamaci, ganin ƙashin ɗan Adam a rataye kamar kayan kwalliya sai tsigar jikina ta tashi. Na yi salati a zuci na fita waje na jira sauran. Abu ɗaya da ya yi mini daɗi shi ne yanzu ba a barin kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto yadda ya ga dama.

Ashe abin da ya gina garin ba ƙashi ba ne, azurfa ce. Tun ƙarshen ƙarni na 13 ake haƙo ta a nan, har garin ya zama na biyu bayan Firag a arziki. A shekarar 1300 Sarki Vaclav na Biyu ya kafa dokar haƙar ma'adinai, ya kuma tattaro maƙeran kuɗi wuri ɗaya a ginin da ake kira Fadar Italiyawa, saboda gwanayen da ya kawo daga Italiya. A nan aka riƙa buga tsabar kuɗin groshen na Firag da ta zagaya Turai. Ɗan jagoranmu ya iya labarin nan sosai, ya ba da shi da zaƙi, sai dai a tsaye a farfajiya ya ba da shi, yana duba agogo.

Inda na samu abin da na biya kuɗi dominsa shi ne gidan tarihin azurfa na Hradek. Ana sa maka farar riga irin ta mahaƙan dā, da hular kwano, da fitila, sannan a gangara da kai cikin ramin haƙa na asali. Wasu wuraren sai ka sunkuya, wasu sai ka bi ta gefe, ruwa na ɗiga daga dutse. A tsakiya aka ce kowa ya kashe fitilarsa. Duhun da ya rufe mu ban taɓa ganin irinsa ba. Ko hannuna da na kai gaban ido ban gani ba. Mai ƙiba ko mai tsoron matsatsi ya yi shawara da kansa tukuna. Kuma lokacin sanyi ba a shiga, don haka a bincika kafin a taso.

Daga ramin muka bi titin da ke gaban tsohuwar kwalejin Jesuit, wata ƙungiyar limaman Katolika, gumakan waliyyai jere a gefe, muka isa cocin Barbara, wadda mahaƙa ke ɗauka a matsayin waliyyiyarsu. An fara gina ta a 1388, ba a kammala ba sai 1905, domin duk lokacin da azurfa ta ja baya ko yaƙi ya taso, gini ya tsaya. Rufinta uku ne masu tsini kamar tantuna, kuma a jikin bangon ciki akwai tsofaffin zane-zanen ma'aikata suna haƙa, suna buga kuɗi. Wanda ya fito daga rami da laka a takalmi shi zai fahimci zanen nan. Minti 20 kacal aka ba mu.

Nan ne ƙorafina. An kashe lokaci mai yawa a Sedlec da wani shagon tsaraba, abincin rana kuma naman alade ya fi yawa, ba wanda ya tambaye mu tun farko. Da miyar kayan lambu da burodi na wuni. Tsakiyar garin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1995, ta tagar mota muka ga rabinsa.

In zan koma, jirgin ƙasa zan hau daga Firag, tafiyar kusan awa ɗaya, in sayi tikitin ramin da kaina, in wuni a cocin Barbara da Fadar Italiyawa. Kamfanin kuwa taurari uku cikin biyar na ba su, biyu daga ciki na ɗan jagoran ne.