Awon ƙafafu ko awon jiki: wanne za ka riƙe idan za ka sayi tarantula?

Ɗan'uwa, lambobin nan biyu da ka turo daga masu sayar da tarantula, wato babban gizo-gizon nan mai gashi, kana tambayar wacce za ka riƙe, na Ba'amurken da ya rubuta inci 4 da na Bajamushen da ya rubuta santimita 4, ba mamaki girman dabbar ɗaya ne. A ido sai ka ɗauka ta farkon ta ninka ta biyun sau biyu da rabi, tunda inci ɗaya santimita 2.54 ne. To amma ba abu ɗaya suka auna ba. Masu kiwon tarantula a Amurka ƙafafu suke aunawa, a karkace: daga kan ƙafar gaba ta dama zuwa kan ƙafar baya ta hagu, ko ta hagu zuwa ta dama. Shi ne za ka ga sun rubuta DLS a gefen lamba. A Jamus da Poland kuwa jiki kawai ake aunawa, daga baki zuwa ƙarshen ciki, ban da ƙafafu, Jamusawa su rubuta KL. A yawancin nau'o'in da ke zama a ƙasa, awon ƙafafu yakan ninka na jiki sau biyu ko sama da haka kaɗan. Ka ga jiki mai santimita 4 zai ba ka ƙafafu wajen santimita 9 ko 10, wato inci 4 ɗin nan dai.

Ni shawarata ka riƙe awon ƙafafu, kada ma ka tsaya dogon tunani.

Ina da mace ɗaya 'yar Brazil, nau'in Lasiodora parahybana, mai gashi ruwan hoda a ciki da ƙafafu. Na karɓo ta tana 'yar mitsitsiya cikin wata robar magani, sai ka ƙura ido kafin ka hango ta a cikin ƙasa. Tun daga lokacin duk saɓar da ta yi ina adanawa. Idan na ga ta daina cin abinci, fatar cikinta ta yi baƙi tana sheƙi, ta shimfiɗa yana a ƙasa ta kwanta rigingine, na san aiki ya zo, sai in ƙyale ta kwata-kwata. Bayan ta gama ta matsa gefe, in sa doguwar hantsaki in zaro saɓar tun da sauran damshi. In ta riga ta bushe, in jiƙa ta a ruwan ɗumi da ɗigon sabulun ruwa har ta yi laushi, in baza ƙafafun a kan farar takarda da tsinken sakace, in ɗora rula a karkace, in rubuta lambar da kwanan wata a ƙasa. Yanzu saɓoɓin suna jere a allo ɗaya, daga wadda ba ta kai farcen ɗan yatsa ba har zuwa wadda ta rufe tafin hannuna ta yi saura. Wallahi akwai daɗi mutum ya tsaya ya ga girman dabbarsa a jere haka, kuma ban taɓa kama ta da hannu don in auna ta ba. A cikin irin wannan saɓar ne ma na tabbatar mace ce. Idan ka buɗe fatar cikin za ka ga farare huɗu, wuraren numfashinta ke nan, tsakanin na gaban guda biyu kuma mace tana da wani ɗan leɓe da namiji ba shi da shi. Sai dai ka sani, saɓa girman da ta bari ne take nuna maka. Dabbar da ta fito daga ciki ta fi ta kaɗan.

Dalilin da ya sa na fifita wannan awon shi ne ƙafa ba ta ƙarya tsakanin saɓa da saɓa. Fatarta mai tauri ce, yadda ta bushe bayan saɓa haka za ta zauna har wata saɓar. Sannan kusan duk shawarar da za ka bi wajen yi mata gida da awon ƙafafu ake ba da ita. Faɗin akwati ya kai ninki biyu zuwa uku na ƙafafunta. Ga mai zama a ƙasa, tazarar da ke tsakanin ƙasar akwatin da murfi kada ta wuce ninki ɗaya da rabi. Wannan na biyun ba ado ba ne. Tarantula mai nauyi takan hau gilashi, in ta suɓuce daga sama cikinta na iya fashewa, kuma da wuya ta rayu bayan haka. Wanda ya ɗauki lambar jiki a matsayin ta ƙafafu zai cusa dabba a ɗan ƙuntataccen wuri, wanda ya yi akasin haka kuma ya gina mata inda za ta faɗo.

Awon jiki kuwa, to, yana da ranarsa wajen zaɓen abinci, tunda gyare ko kyankyason da za ka ba ta bai kamata ya fi jikinta girma ba. Iyakarsa ke nan a wurina. Na taɓa sayen Brachypelma hamorii, mai jan gwiwar nan ta Meziko, a kan awon jiki, da ta yi saɓa cikin ya sace sai ga 'yar ƙaramar dabba a kuɗin babba. Ciki shi ne ɓangaren da ke kumbura da ci da sha, ya motse da yunwa ko bayan saɓa. Ga shi masu wannan awon ma ba su daidaita ba, wani ya haɗa da tushen fiƙoƙi, wani ya fara daga bayansu. Masana kimiyya idan suna bayanin sabon nau'i sun fi dogara da tsawon ƙoƙon bayan nan mai tauri inda ƙafafu ke haɗuwa, saboda ba ya canzawa da ƙoshi, amma da wuya ka ga mai sayarwa ya ba ka wannan lambar.

Idan 'yan jarirai ne za ka ga wani salon kuma. 'Yan Poland su rubuta L2 ko L3, Jamusawa su rubuta 2.FH ko 3.FH, wato ƙirgen saɓar da ta yi. Yana da amfani a cikin nau'i ɗaya, amma saɓa uku ta wannan nau'in ba girman saɓa uku na wancan ba ne.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa maka, don a nan mutane ke asarar kuɗi. Akwai masu sayarwa da ke rubuta lamba tsurarta ba tare da faɗin me suka auna ba, da gangan, don ka ɗauki wadda ta fi maka daɗi. Akwai masu ɗura wa dabba abinci kafin su ɗauki hoto, kamar yadda wasu dillalai ke cika wa rago ciki da ruwa da dusa ranar kasuwa. A ɓangaren ƙafafu ma ana ha'inci: a ja ƙafafun saɓa har su miƙe sambal kamar za su tsinke, ko a ajiye rula can nesa a bayan dabbar don ta ƙara girma a hoto. Mafi muni shi ne namijin da ya gama balaga. Bayan saɓarsa ta ƙarshe ƙafafunsa sukan yi tsawo siriri, ciki ɗan ƙarami, lambarsa ta ƙafafu ta yi kyau a talla, alhali ya gama girma kuma abin da ya rage masa a duniya galibi shekara ɗaya ne ko biyu. Macen Brachypelma kuwa tana haura shekara 20. Ka duba gajerun hannuwan nan biyu da ke gefen baki: na balagaggen namiji ƙarshensu a dunƙule yake a kumbure, kuma a nau'o'i da yawa akwai 'yar ƙugiya a ƙarƙashin ƙafafun gaba. Duk wanda ya ce maka yana da parahybana mai santimita 30, ka tuna cewa wadda kundin bajinta na Guinness ya rubuta a matsayin mafi girma, namijin Theraphosa blondi da aka kama a Venezuela a 1965, santimita 28 ne. Kuma in Brachypelma ce ko Poecilotheria, suna cikin jerin CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa, ka nemi shaidar inda aka haife ta kafin ka biya.

In ta zo hannunka kuma kana son aunawa kafin ta yi saɓa, kada ka fito da ita. Jira daren da ta miƙe a jikin gilashi, ka manna rula ta waje, ka ɗauki hoto kai tsaye ba daga gefe ba. Yawancin na nahiyar Amurka suna watsa gashin ciki mai ƙaiƙayi idan an takura musu, na Afirka ta Yamma kuwa irin Heteroscodra maculata ta Togo da Ghana gudunsu ya fi hannunka, cizonsu kuma ba wasa ba ne.

Ka rubuta wa mutanen nan biyu yau. Kowanne ya turo maka hoton dabbar daga sama da rula kwance a ƙasa ɗaya da ita, ya faɗi awon ƙafafu a karkace cikin santimita, da ranar da ta yi saɓar ƙarshe, da hoton cikin saɓar in ya ce mace ce. Wanda ya turo duka ka saya a wurinsa ko da kuɗinsa ya ɗan fi. Wanda ya fara kewaye-kewaye ka bar masa kayansa.