Dashen inabin Sangiovese da na saya kusa da garin Siena a yankin Taskani na Italiya

Gaskiya mutanen gidan dashen nan sun kyauta min. Guda 20 na ɗauka a watan Maris, duk an ɗaura su kan saiwar inabin Amurka saboda tana jure wa ƙwaron filoksera mai lalata saiwar inabi, 19 suka kama, sai shekara ta uku na ga 'ya'ya. Wannan irin shi ake giyar Kiyanti da shi a nan Taskani, ni dai lemo nake matsewa yara, akwai ɗan tsami mai daɗi wallahi. Sun ce min in dage da yanke rassa don yana da saurin yaɗo, kuma haka ne. Amma baya nuna da wuri sai ƙarshen Satumba ko Oktoba, ga fatar ba kauri, in ruwa ya yawaita lokacin sai ya fara ruɓewa, wannan kam ya dame ni.