Ina za ka je kallon hoki: Toronto, Buffalo ko na 'yan unguwa?

Duk wanda ya zauna Ontario a Kanada ya yi sanyi ɗaya ya san zancen hoki ba ya ƙarewa, a wajen aiki shi ne, a makarantar yara shi ne, kai ko mai gyaran mota sai ya tambaye ka ko ka ga wasan jiya. Ni da farko ban gane komai ba, mutane ne dai a kan ƙanƙara suna bin wani ɗan baƙin faifai da sanda. Yarona ne ya ja ni, yanzu kuma na fi shi zaƙewa. To tunda 'yan uwa sababbin zuwa na yawan tambayata wane tikiti ya kamata su saya, ga abin da na gani.

Kallon Maple Leafs, babbar ƙungiyar Toronto, a filinta Scotiabank Arena dai ku bar shi kawai. Ƙungiyar da rabonta da kofin Stanley, wato kofin zakaru, tun 1967 amma tikitinta na cikin mafi tsada a duk NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, ga kuɗin fakin a tsakiyar Toronto kamar za ka sayi filin. Marlies a Coca-Cola Coliseum ba laifi, araha ne, amma ƙannen Leafs ne, ba manyan ba.

Ni Buffalo nake zuwa, can tsallaken iyaka a Amurka, kuma ba na ɓoyewa. Daga Hamilton inda nake sai ka hau babbar hanyar QEW ka miƙe har Fort Erie, ka haye Peace Bridge, gadar da aka buɗe tun 1927, kana sauka mintoci kaɗan ka isa KeyBank Center inda Sabres, ƙungiyar garin, ke wasa. Manyan 'yan wasan NHL ɗin nan da kake gani a talabijin su ne dai za ka gani, filin na ɗaukar mutum wajen dubu 19, kuma da yake Sabres sun yi sama da shekara goma bayan 2011 ba su shiga zagayen neman kofi ba, tikitin ranar Talata ko Laraba ya sha faɗuwa ƙasa har ka riƙa duba wayarka sau biyu. In ƙungiyar ta farfaɗo farashi zai bi ta, wannan kowa ya sani. Abin da ya fi burge ni, kafin kowane wasa sai an rera taken Kanada tare da na Amurka ko da babu ƙungiyar Kanada a fili, saboda yawan mutanenmu da ke tsallakowa. Ran farko da na ji haka sai da yarona ya dafa ni ya ce "Baba, namu ne fa!" Ya tsaya ƙyam da hularsa a hannu, ni kuma ina ta fama da kofin shayi kar ya zube.

Amma kar ka zaɓi ranar da Leafs za su je can. Duk Toronto ce ke kwararowa, farashi ya haura, gada ta cushe. Sannan ka tuna dalar Amurka za ka biya, ka yi lissafin canji kafin ka yi murna. Kuɗin gada kuwa a dawowa ake karɓa, wajen shiga Kanada. Fiffiken kazan da garin ya yi suna da shi tun 1964, wanda ke kula da yanka sai ya tambaya, ni dai muna cin tuwonmu a gida kafin mu fita.

Maganar takardu, a nan mutanenmu ke tuntuɓe. Mai fasfon Kanada ba ya buƙatar biza don irin wannan fita. Amma katin zama na dindindin shi kaɗai ba ya shigar da kai Amurka, in fasfon Najeriya ko Nijar ke hannunka sai da biza, kuma sharuɗɗan sun ƙara tsauri tun 2025, saboda haka ka tabbatar da matsayinka kafin ka sayi komai. Mai yawan zirga-zirga ya nemi katin NEXUS na saurin tsallake iyaka, dala 120 ta Amurka ne na shekara 5, akwai layinsu daban. Kuma in ka je ka dawo ba ka cika awa 24 ba, babu rangwamen kwastan ko na sisi, sai ka yi awa 24 ake yafe maka kayan dala 200 ta Kanada, awa 48 kuma 800. Ka sayi riga ka faɗa musu, shi ke nan. Ka kuma duba hasashen yanayi, dusar ƙanƙarar da ke tasowa daga tafkin Erie ba wasa ba ce, wanda ya ga Disambar 2022 ya sani.

Yanzu abin da ya sa ma na zauna rubuta wannan. 'Yan damfara. Wallahi na ɗauka na baro su a gida, ashe kowace ƙasa da nata. Shekarar da na fara, na ga wani ya sa tikiti biyu a wani shafin saye da sayarwa, wai matarsa ce ba lafiya ba za su samu zuwa ba, rabin kuɗi kawai yake so. Hotonsa da kare da yara, magana mai daɗi. Na tura masa kuɗi ta imel, kuɗin da ya kai cefanen mako biyu, ya turo min hoton tikiti tsaf da lambar kujera. Muka yi tuƙi, muka bi layi cikin sanyin da ke yanka kunne, matar da ke bakin ƙofa ta ɗora na'ura a wayata sai ja. Ta sake, ja. Ta dube ni da tausayi ta ce ai hoto ba ya aiki. Na koma neman mutumin ya riga ya toshe ni, yaro kuma yana tsaye da rigar ƙungiya yana kallona.

Abin da ban sani ba lokacin, tikitin yanzu a cikin manhaja yake zaune, kuma lambar da ake karantawa canzawa take yi a kai a kai, don haka sikirinshot ko takardar da aka buga shara ce. Tikitin gaske sai mai shi ya tura maka shi daga asusunsa zuwa naka, ka karɓa, ka gan shi da sunanka. Duk wanda ya ce tura kuɗi tukuna, ko ya ce akwai mutum uku na jira ka yi sauri, ko ya ƙi a yi magana da murya, ɓarawo ne. Wasu har imel na bogi suke haɗawa mai tambarin kamfani, ka duba adireshin da kyau za ka ga harafi ɗaya ya sauya. Kuɗin da ka tura da hannunka kai tsaye da wuya ya dawo, katin kiredit ne ke ba ka damar ƙorafi. Masu tsayawa bakin fili suna raɗa maka "tikiti, tikiti" su ma ka wuce su. Ka saya a shafin ƙungiyar ko wajen sake sayarwa da ita ta amince da shi, kuɗin hidimarsu na da ciwo, na sani, amma ka shiga.

Wanda takardunsa ba su ba shi damar tsallakawa ba, akwai OHL, gasar matasa 'yan shekara 16 zuwa 20, inda Connor McDavid ya taso da Erie Otters. Niagara IceDogs na wasa a Meridian Centre a St. Catharines, ɗan fili ne, kana jin ƙarar takalma a kan ƙanƙara da karon jiki da gilashi. Nan nake kai maƙwabcina da yaransa huɗu, tikitin ma a taga muke saya.